Swen Nater: Ɗan Bencin Da Ya Zama Sarkin Cafkar Ƙwallo A Amurka

A duk tarihin ƙwallon kwando na ƙasar Amurka, mutum ɗaya tak ne ya taɓa zama na farko wajen cafkar ƙwallo a manyan gasanni biyu na ƙwararru, wato ABA da NBA. Sunansa Swen Nater, haifaffen ƙasar Holan, mai tsawon mita 2 da santimita 11. Abin da zai ba masu karatu mamaki shi ne, wannan mutum bai taɓa yi wa makarantar sakandarensa wasa ba, domin da ya je neman shiga ƙungiyar makarantar, korar shi aka yi. A babbar jami'ar da ya yi shekara uku kuwa, ba a taɓa fara wasa da shi ba ko sau ɗaya, kullum a benci yake jira. Duk da haka ya yi shekara 12 yana cin abinci da ƙwallo, daga nan ya koma koyarwa, daga bisani kuma ya kama aikin albashi a wani kamfanin kantuna. Wannan tafiya ce muke so mu bi da ku a yau.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu bayyana abin da muke nufi da cafkar ƙwallo. Idan ɗan wasa ya jefa ƙwallo ta ƙi shiga, ta bugi bakin kwando ko allon da ke bayansa ta dawo, to wanda ya riga kowa kama ta shi ne ya yi cafka, abin da ƴan wasa suke kira rebon. Aiki ne na turereniya da gwiwar hannu, ba a cika tafa wa mai yin sa ba, amma ƙungiyar da ta fi cafka ita ta fi samun damar jifa. Mai cafka yana rayuwa ne da abin da wasu suka kuskure.

Daga gidan marayu zuwa gidan talabijin

An haifi Swen Nater ranar 14 ga watan Janairu na 1950 a Den Helder, wani gari na bakin teku da ke arewacin Holan, inda rundunar sojan ruwan ƙasar take da babban sansaninta. Yana da shekara uku auren iyayensa ya mutu. Mahaifiyarsa ta sake aure, sai rayuwa ta yi musu tsanani, kamar yadda ta yi wa iyalai da dama a Turai a shekarun da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu. Ita da sabon mijinta suka yanke shawarar ƙaura zuwa Amurka, amma abin hannunsu bai kai su tafi da yara duka ba. Suka ɗauki ƙaraminsu, suka bar Swen da ƴar'uwarsa a gidan marayu, da niyyar in sun samu kuɗi su aiko a kawo su.

Shekara uku suka wuce kuɗi ba su taru ba. A 1959 ne labarin ya kai kunnen masu shirya wani shirin talabijin na Amurka mai suna It Could Be You, wanda ya yi suna wajen yi wa mutane bazata a gaban ƴan kallo. Masu shirin suka ɗauki nauyin kawo yaran biyu daga Holan, aka haɗa su da mahaifiyarsu a gaban kyamara, jama'a suna kallo. Haka Swen ya shiga Amurka yana da shekara tara, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Ingilishi.

Masu kallon talabijin sun ga ƙarshen labari mai daɗi, amma zaman gidan bai yi daɗi ba. Zaman agola ne, kuma shi da mijin mahaifiyarsa ba su jitu ba, har mutumin ba ya son yaron ya yi wasan ƙwallon kwando. A makarantar Wilson da ke birnin Long Beach na jihar Kalifoniya, Swen ya gwada sa'arsa a ƙungiyar makaranta, ba a ɗauke shi ba. Ya gama sakandare yana dogon saurayi wanda bai taɓa sanya rigar wata ƙungiya ba.

Malamin kimiyya ya hango shi

Daga nan ya shiga kwalejin Cypress, irin ƙananan kwalejojin nan na shekara biyu da ɗalibai marasa ƙarfi suke bi kafin su samu shiga jami'a. A nan ne wani malamin kimiyyar haɗa magunguna mai suna Tom Lubin, wanda kuma shi ne mataimakin mai horar da ƴan ƙwallon kwando na kwalejin, ya gan shi ya jawo shi fili. Lubin ya fara da shi tun daga tushe: yadda ake tsayuwa, yadda ake juya ƙafa a ƙarƙashin kwando, da jifan nan na lanƙwasa hannu ta saman kai wanda yake da wuyar tarewa. Wannan malami dai shi ne daga baya ya gano Mark Eaton yana aikin gyaran mota, ya mai da shi ɗan wasan da ya yi suna a ƙungiyar Utah Jazz.

A shekararsa ta farko Nater bai samu wasa sosai ba. A ta biyu kuwa ya shiga jerin fitattun ƴan wasan ƙananan kwalejoji na ƙasar baki ɗaya. Babban mai horarwa na Cypress, Don Johnson, tsohon ɗan wasan John Wooden ne na jami'ar UCLA da ke Los Anjelas, don haka hanya ta buɗe tsakanin kwalejin da jami'ar. A lokacin babu ƙungiyar jami'a da ta kama ƙafar UCLA. Wooden ya ci kofin ƙasa sau 10 tsakanin 1964 da 1975, bakwai daga ciki a jere.

Wooden bai yaudari saurayin ba. Ya shaida masa cewa akwai wani yaro mai suna Bill Walton da zai riƙe tsakiyar fili, saboda haka da wuya ya samu wasa mai yawa, amma zai riƙa gwabzawa kullum a wajen atisaye da ɗan tsakiyar da ya fi kowa a ƙasar, kuma wannan kan iya kai shi ga zama ƙwararre. Wasu jami'o'i za su iya ba shi wuri a cikin biyar ɗin farko tun ranar da ya isa. Nater ya zaɓi benci a UCLA.

Shekara uku a inuwar Walton

Ya isa jami'ar a 1970, ya yi shekarar farko yana atisaye kawai ba tare da shiga gasa ba. A kakar 1971 zuwa 1972 da wadda ta biyo ta, UCLA ta yi wasa 30 ta ci 30 a kowace kaka, ta ɗauki kofi sau biyu. Walton ne tauraro. A wasan ƙarshe na 1973 da jami'ar Memphis State, ya yi jifa 22 ya saka 21, ya tashi da maki 44. Nater kuwa a shekararsa ta ƙarshe abin da yake samu a kowane wasa bai wuce maki uku da cafka uku ba, galibi bayan an riga an gama da abokan karawa.

To me yake yi a waɗannan shekaru? Aikinsa shi ne ya takura wa Walton a fagen atisaye, ya tare shi, ya ture shi, ya hana shi sakat, domin ranar wasa kowane abokin karawa ya zame masa mai sauƙi. An ruwaito cewa Walton da kansa ya faɗi cewa a cikin ƴan tsakiyar da ya kara da su a zamanin jami'a babu wanda ya kai Nater. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Duk abin da Wooden ya koya wa Walton, a gaban Nater aka koyar da shi, kuma a jikinsa aka gwada shi.

Atisayen Wooden kuwa makaranta ce sosai. Yakan tsara kowane minti a kan ƴan katuna kafin a shiga fili. Ranar farko yakan zaunar da manyan samari ya nuna musu yadda ake sanya safa ba tare da ta tattare ba da yadda ake ɗaure takalmi, domin kada ƙafa ta yi bororo. Wannan tarbiyya ce Nater ya tafi da ita, kuma za mu sake cin karo da ita a gaba.

Bayan kammala jami'a an gayyace shi wani wasan taurarin ɗalibai a 1973, inda a karon farko aka bar shi ya yi wasa son ransa, kuma shi aka zaɓa gwarzon wasan. Masu farautar ƴan wasa suka farga. A zaɓen sababbin ƴan wasa na NBA na wannan shekara, ƙungiyar Milwaukee Bucks ta ɗauke shi a matsayi na 16, ya zama mutum na farko da aka zaɓa a zagayen farko alhali ba a taɓa fara wasan jami'a da shi ba.

Gasar ƙwallo mai launi uku

Nater bai tafi Milwaukee ba a lokacin, domin Kareem Abdul-Jabbar ne yake riƙe da tsakiyar filin ƙungiyar, zuwa can kuwa wani sabon zaman benci ne. Sai ya sa hannu da Virginia Squires ta gasar ABA. Wannan gasa an kafa ta a 1967 domin ta yi gogayya da NBA, an san ta da ƙwallonta mai launin ja da fari da shuɗi, da kuma layin jifan maki uku wanda NBA ba ta karɓa ba sai a 1979. Sai dai ƙungiyoyinta da yawa suna fama da rashin kuɗi. Squires ta riga ta rabu da Julius Erving, kuma a watan Nuwamba na 1973 ta sayar da Nater ga San Antonio Spurs a kan dala dubu 300. Ba a daɗe ba George Gervin ma ya bi shi can.

A San Antonio ne duniya ta ga abin da ya ɓoye a bencin UCLA. A kakarsa ta farko yana samun kimanin maki 14 da cafka kusan 13 a kowane wasa, aka ba shi kyautar gwarzon sababbin ƴan wasa na ABA na 1974. A 1975 ya zama na farko a cafka a duk gasar, da sama da 16 a kowane wasa. Sau biyu ana zaɓen sa a wasan taurari. Daga nan ya ratsa ta New York Nets, ya sake komawa Squires, har zuwa 1976 lokacin da ABA ta narke, ƙungiyoyinta huɗu suka shiga NBA: Spurs da Nets da Denver Nuggets da Indiana Pacers.

A lokacin Abdul-Jabbar ya riga ya koma Lakers, sai Nater ya nufi Milwaukee. Ranar 19 ga watan Disamba na 1976, a wasa da Atlanta Hawks, ya ci maki 30 ya yi cafka 33 a dare guda. Bayan kaka ɗaya aka tura shi Buffalo Braves, ƙungiyar da ta ƙaura a 1978 ta koma San Diego Clippers.

Ranar da ƙaddara ta juya

A 1979 Clippers ta kawo Bill Walton, ɗan asalin yankin San Diego, wanda ya riga ya ci kofin NBA da Portland a 1977 kuma aka zaɓe shi gwarzon gasar a 1978. Kowa ya ɗauka Nater zai koma inda ya saba, wato bayan Walton. Sai ciwon ƙafa ya hana Walton sakat, wasa 14 kacal ya yi a kakar 1979 zuwa 1980, kuma kakanni biyu da suka biyo baya bai taka fili ba. Nauyin tsakiya ya faɗo kan tsohon ɗan benci. A wannan kaka ce Nater ya zama na farko a cafka a NBA, da 15 a kowane wasa, a gaban gwanaye irin su Moses Malone. Da haka ya haɗa kambin ABA da na NBA, kuma tun da ABA ta shuɗe, babu wanda zai sake yin irin wannan.

Jiki dai ba ƙarfe ba ne. A farkon 1982 aka yi masa aiki a gwiwa, ya yi kusan kaka biyu yana jinya fiye da wasa. A 1983 aka haɗa shi da matashi Byron Scott aka tura su Los Anjelas Lakers, a musayar da ta kai Norm Nixon San Diego. A can ya zama mai canjin Abdul-Jabbar, mutumin da ya guje wa inuwarsa shekara goma da suka wuce. Sun kai wasan ƙarshe na 1984, Boston Celtics ta su Larry Bird ta doke su a karawa ta bakwai. Ya yi kaka guda a ƙungiyar Udine ta Italiya, inda ya fi kowa cafka a gasar ƙasar, sannan ya aje ƙwallo a 1985 yana da shekara 35. Shekara uku bayan haka wani ɗan Holan, Rik Smits, ya shiga NBA ya yi shekara 12 a Indiana Pacers, kuma shi aka fi sani a yau idan ana zancen ƴan Holan a wannan gasa.

Allo da alli, sannan kanti

Ƴan wasan zamanin Nater ba su ga irin miliyoyin da ake biya a yanzu ba. Mai shekara 35 da iyali dole ya nemi abin yi. Sai ya karɓi aikin gina sashen wasanni a wata ƙaramar kwalejin Kirista mai suna Christian Heritage kusa da San Diego, inda ya horar da ƴan ƙwallon kwando daga 1985 zuwa 1995. Ɗaliban da ake samu a irin wannan wuri galibi waɗanda manyan jami'o'i suka tsallake ne, wato irinsa lokacin da Lubin ya tsinto shi. A 1990 ƙungiyar ta ci kofin ƙasa na ƙananan kwalejojin Kirista.

Bayan shekara goma ya bar wurin, kuma bai ɓoye dalili ba: aiki ya yi yawa, albashi ya yi kaɗan. Ya koma jihar Washington ya kama aiki da Costco, kamfanin manyan kantuna da ke sayar da kaya cikin rahusa ga masu katin zama mamba. Matsayinsa shi ne mataimakin jami'in sayen kayan wasanni. Aikin mai wannan kujera shi ne duba samfur, tattaunawa da masu ƙera kaya a kan farashi, lissafin adadin da za a yi oda, da bin diddigin abin da ya fita da wanda ya kwanta. Costco ba ta cika shaguna da kaya iri-iri kamar sauran kantuna, kaɗan take zaɓa ta saya da yawa, saboda haka kuskuren mai saye guda ɗaya yakan zama asara babba. Mutumin da dubban ƴan kallo suka yi wa tafi a San Antonio ya zauna a tebur, a ƙarƙashin shugaba, da kalmar mataimaki a gaban muƙaminsa, ya yi shekaru yana wannan aiki.

Bai rabu da Wooden ba. Tun a kakar 1974 zuwa 1975 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Roland Tharp da Ronald Gallimore, suka zauna a bakin fili suna rubuta duk abin da Wooden yake faɗa a wajen atisaye. Sun tarar cewa yabo da faɗa kaɗan ne a bakinsa, kusan rabin maganarsa umurni ne gajere a kan abin da za a yi da yadda za a yi shi. Shekaru 30 bayan haka Nater ya haɗa kai da Gallimore suka rubuta littafi a kan hanyoyin koyarwar Wooden, domin amfanin malaman makaranta da masu horarwa. Gallimore ya kawo abin da ya gani daga waje, Nater ya kawo abin da ya ji a jikinsa. Ya kuma rubuta wani littafin tare da Wooden kansa a kan tsarin kai hari na UCLA, da wani a kan dabarun cafka. Da yake Wooden mai son waƙoƙin Ingilishi ne, Nater yakan rubuta waƙa ya aika masa, tsohon kuma yakan karanta wasu a bainar jama'a. Wooden ya rasu a 2010 yana da shekara 99, Walton kuma a 2024 yana da 71.

Abin da muka gani a wannan labari

Ba za mu ce duk wanda ya zauna a benci zai zama Nater ba. Tsawon mita biyu da ɗoriya baiwa ce daga Allah, kuma da Walton bai ji ciwo ba, wataƙila da kambin 1980 bai zo ba. Abin da yake hannunsa shi ne yadda ya yi da zaman jiran. Matasa da yawa, da zarar mai horarwa ya ajiye su wasa biyu ko uku, sai su yi fushi su canja ƙungiya ko su watsar da wasan. Shi ya lissafa ya ga cewa sa'o'in atisaye sun ninka na wasa sau da yawa, kuma a waɗannan sa'o'i babu wanda ya hana shi fili.

Sai kuma batun bayan wasa, wanda shi ne ya fi damun mu. Ɗan wasa yakan gama da fili a shekarun da ma'aikacin ofis yake fara samun gindin zama. Gwiwa ɗaya ta isa ta kawo ƙarshen komai, kamar yadda ta kusa yi wa Nater a 1982. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi suna, girman kai kan hana su karɓar ƙaramin aiki, su zauna suna ba da labarin jiya har abin hannu ya ƙare. Nater ya riga ya san zama na biyu tun a bayan Walton da Abdul-Jabbar, don haka kujerar mataimaki a ofishin sayen kaya ba ta zame masa abin kunya ba. Ya kuma bar jami'a da abin da ya fi kofuna biyu daɗewa, wato sanin yadda ake koyar da mutum, wanda ya ci abinci da shi shekara goma a kwaleji, ya kuma zuba shi a littattafai.

Muna kira ga masu horar da yara da su riƙa duba bencinsu da kyau, su gaya wa yaro gaskiyar matsayinsa kamar yadda Wooden ya yi, su kuma ba shi aikin da zai san yana da amfani. Iyaye da shugabannin ƙungiyoyi kuma su tabbatar yaro yana riƙe da karatu ko sana'a tun yana ganiyar wasa, kada a jira sai likita ya ce gwiwa ta gama aiki.